Yadda zaka gyara sabis dinka a kwallon tebur ko da kai kadai ne a kan tebur

A teburin unguwa kowa simash yake son koya, a daki kwallo tayi kara 'yan kallo suyi ihu, amma sabis babu mai kula shi, kawai a tura kwallo a fara wasa. To gaskiya nan ake tafka asara. A duk wasan kwallon tebur sabis ne kadai bugun da babu hannun abokin karawarka a ciki, kwallo na tafin hannunka, kai zaka zabi inda zata sauka da irin juyin da zata dauka da gudun da zata yi, kuma tunda bibbiyu ake yi ana karba-karba har a kai 11, kusan rabin makin gem daga hannunka yake farawa. Sannan shi ne abun da zaka iya koya ba sai ka jira wani yazo ba. Ba sabis goma kake bukata ba dan uwa, guda biyu ko uku da suke kama da juna a ido amma juyinsu daban, suna wucewa kasa-kasa daf da raga, sun isheka ka wahalar da wanda ya fika iya rali, wato musayar bugu bayan sabis, nesa ba kusa ba.

Da farko ka daidaita da doka, tun kafin hannu ya saba da abun da ba shi ba

Wannan na saka shi gaba ne saboda yawancinmu sabis din titi muka taso dashi, wanda ake rike kwallo da yatsu a buga ta kai tsaye daga hannu, ko a dan sake ta kasa a tare ta da bat. Ranar da ka shiga gasa mai alkali duk wannan maki ne kake kyautarwa. Dokar ITTF, hukumar kwallon tebur ta duniya, ga yadda take: kwallo ta zauna a tsakiyar tafin hannu a bude, ba a kan yatsu ba, hannun ya tsaya cak kafin ka jefa. Ka jefa ta sama kusan a mike, ta tashi akalla santimita 16 daga tafin hannu ba tare da ka murza ta ba, sannan sai tana saukowa zaka buga, ba lokacin da take hawa ba. In kana son ka kiyasta 16 din nan ka kalli raga, tsayinta santimita 15.25 ne, wato jifanka ya dan dara tsayin raga. Kwallon ta kasance a bayan layin karshen tebur kuma sama da fuskar tebur tun daga farko har ka buge ta, kar ka sauke hannu kasan tebur don ka samu karfin jifa.

Sai maganar boyewa. Kafin 2002 'yan wasa suna sa hannu ko kafada su kare kwallo lokacin da bat zai taba ta, mai karba baya ganin komai sai dai yayi canki-canka, a shekarar aka hana, yanzu da ka jefa dole ka janye hannun da yayi jifan, mai karba ya ga kwallon daga farko har karshe. Kuma kar ka dauka manya basa fadawa wannan ramin, Ding Ning ta China a wasan karshe na Olamfik din Landan 2012 an zabtare mata maki saboda yadda take jefa kwallo a sabis, ta rude har da kuka, Li Xiaoxia ta cinye zinaren. Sai a Olamfik din Rio 2016 Ding Ning ta rama. In irin wannan za a hukunta kaga ni da kai sai mu kiyaye.

Akwai kuma dokokin da muka kirkira a unguwa wanda babu su a littafi. A singil, wato wasan mutum daya da daya, ba dole bane sabis ya tafi kwana zuwa kwana, ko ina zaka iya turawa, ko ta gefen tebur ta fita yayi daidai, a dabul ne kawai, wasan mutum bibbiyu, dole daga rabin dama zuwa rabin dama. In kwallo ta taba raga ta haye sai a sake, ko sau nawa ne, babu wani wai na uku an ci ka. Gem 21 da sabis biyar-biyar da har yanzu wasu ke bugawa tsohon tsari ne, tun 2001 aka koma 11. Kuma in ka jefa kwallo ka kai bugu ka kuskure ta, maki ya tafi, babu a sake.

Kayan aiki

Kwallaye da yawa, wannan ba abun wasa bane. In da kwallo daya kake tirenin rabin lokacinka a sunkuye zaka kare kana nemanta karkashin benci. Ka nemi irin na tirenin da ake saidawa da yawa a leda ko kwali, ba sai masu tauraro uku irin na gasa ba, amma ka duba an rubuta 40+ a jiki, sune na roba da ake wasa dasu tun 2014, don in ka saba da wata irin kwallo daban ranar gasa zaka ji hannunka ya canza. Ka zuba su a bokiti ko karamin daro ka dora a kujera gefen hannun da kake jifa dashi. A dayan bangaren ka daura tsohon gidan sauro ko zanin gado ya rika tare su, ko ka tura teburin kusa da bango.

Bat kuma, in irin mai kuraje ne da babu soso a ciki, ko wanda robarsa ta bushe tana sheki, to kayi hakuri duk abun da zan fada a kasa ba zai yi aiki sosai ba, don sifin, wato juyin kwallo, daga kamun roba yake fitowa. Gwaji mai sauki: ka rike kwallo ka goga ta a kan robar a hankali, in kaji tana cijewa robar na da rai, in ta zame sumul ta mutu. A nan wajenmu kura ce babbar matsala musamman da hunturu, minti kadan robar ta dauki kura ta daina kamawa, kwallon ma haka in tana faduwa a kasa. Ka rika goge robar da dan soso mai danshi ka barta ta bushe, in ka gama ka rufe ta da leda, kuma kar ka bar bat a rana ko cikin mota. Teburin ma ka goge shi kafin ka fara.

Mataki na daya: rikon bat da koyon juyi, ba a kan tebur ba

Rikon da kake rali dashi ya kulle wuyan hannu, don haka a sabis na fohan, wato bugun bangaren tafin hannu, sai ka sassauta. Ka rike bat din da babban yatsa da manuniya kawai, can wajen wuyansa inda katako ya hadu da roba, sauran yatsu ukun ka saki mariki su dan nade a baya. Da farko zaka ji kamar bat zai subuce, ba komai, zai zauna. Amfanin haka wuyan hannunka zai iya kadawa sosai, kuma wuyan hannu shi ne injin sifin, ba kafada ba. Da ka gama sabis sai ka maida riko yadda yake da sauri, wannan ma abun koyo ne, ka rika yinsa ko kana zaune kana hira.

Yanzu ka bar tebur tukunna. Ka tsaya a tsakar daki ko inda akwai siminti mai santsi, ka bude bat fuskarsa na kallon sama, ka jefa kwallo ka shafi kasanta da sauri ka tura ta gaba kamar taku uku ko hudu. In ka samu juyin baya na gaske zata sauka tayi dan tsalle sannan ta juyo ta dawo wajen kafarka. In ta wuce abunta bata dawo ba to duka kayi, ba shafa ba. Bambancin kenan da mutane da yawa basa ganewa, kuma shi ne gaba daya sirrin: kamar kyasta ashana ne, taba kadan amma da sauri. Kunnenka ma zai gaya maka, shafa mai kyau kusan bata da kara, in kaji kwas to katako ne ya daki kwallon, sifin ya ragu.

Zaka rika kuskure kwallon gaba daya, ka kada bat a iska ta fadi kasa. Kar wannan ya dameka, alama ce kana neman bakin-bakin kwallon, wanda baya kuskurewa ko sau daya yawanci tsakiya yake duka. Dabara daya da nake so: ka dauki maka ka shafe rabin wasu kwallaye da baki, ko ka zana layi ya zagaye su, nan take idonka zai rika ganin yadda suke juyawa da kuma ta wane bangare. Ka tsaya a wannan matakin har sai kwallo na dawo maka akai-akai, kar kayi gaggawar hawa tebur.

Mataki na biyu: jifa da inda bat ke haduwa da kwallo

Jifa mara kyau shi ke bata sabis tun kafin a buga. Ka tsaya a kwanar bakhan dinka, bangaren da kake bugawa da bayan hannu, in kai na-dama ne wato kwanar hagu, kafar hagu a gaba, jikinka a karkace gefenka na kallon tebur, gwiwa a dan lankwashe. Ka jefa kwallo kar ka buga, ka barta ta fado tafin hannunka, ka maimaita har sai tana tashi tsayi daya tana saukowa waje daya kusa da cikinka. Da hannu gaba daya ake dagawa, ba da yatsu ake cillawa ba. In a waje kuke wasa iska zata dameka, in a daki ne ka kashe fankar sama, kwallon nan giram 2.7 ce kacal, iska kadan ke kwashe ta.

Sai ka jira ta sauko sosai. Nan ne kuskuren da yafi yawa, mutum ya buga kwallo tana daidai kirjinsa, dole ta daki tebur da karfi tayi tsalle sama ta haye raga da tsayi, mai karba kuwa dama abun da yake jira kenan. Ka bari sai ta sauko daidai tsayin raga ko kasa da haka kadan sannan ka taba ta. Iya wannan gyaran kadai sai kaga sabis dinka ya kwanta.

Mataki na uku: gajeren sabis mai juyin baya

Wannan shi ne uban tafiyar, in ka iya shi sauran duk reshe ne. Gajeren sabis yana nufin in an kyale kwallon zata yi tsalle biyu ko fiye a bangaren abokin karawa kafin ta fita. Dalilin da yasa ake so: muddin kwallo bata fito daga tebur ba, baya da filin da zai ja hannu baya ya dauko ta da lof mai karfi, wato bugun da ke shafo kwallo sama da juyin gaba, teburin ya tare shi, sai dai ya turo ta a hankali ko ya gwada dan filik, wato dan kada ta da wuyan hannu a kan tebur, kai kuma ka samu damar fara kai hari.

Ga yadda ake: bat a bude kusan a kwance, ka shafi kasan kwallo, kuma ka sa tsallen farko a naka bangaren ya sauka wajen tsakiya zuwa kusa da raga, ba kusa da kai ba. Mutane suna ta kallon inda kwallo zata sauka a can, alhali tsallen farko na naka bangaren shi ke yanke hukunci, in ya sauka kusa da raga sabis zai gajarta, in ya sauka kusa da layinka zai yi tsawo. Ka sa alli ka zana dan da'ira a naka bangaren ka rika nufarta.

Wani abu kuma da yake rikita masu koyo, suna ganin tunda gajere ake so sai a rage saurin hannu. A'a. Hannu da sauri zai tafi, sai dai duk saurin ya kare a juya kwallo ba a tura ta gaba ba. In ka rage gudun hannu zaka samu gajeren sabis amma fanko, babu komai a cikinsa. Ka taba kwallon da wajen bakin bat, can nesa da mariki, don wajen ne yafi gudu in wuyan hannu ya kada.

Don auna tsawo, ka shimfida tawul a karshen teburin can, ya rufe kamar tafin hannu biyu daga layi, burinka tsalle na biyu ya sauka kafin tawul din ko a kansa. Don auna tsayi kuma ka daura zare ko igiya a saman raga, tazarar kamar kwallo biyu, ko ka dora sandar tsintsiyar mofa a kan gwangwanaye a gefe da gefe, kwallo ta rika bi ta tsakanin raga da zaren. Wannan atisayen yana da ban haushi wallahi, zaka ta dukan raga, amma duk wanda ya jure shi sabis dinsa ya daina zama sadaka. Idan juyin yayi yawa sosai zaka ga kwallo tayi tsalle biyu uku sannan ta juyo ta koma raga da kanta, irin wanda aka san Ma Lin dashi, dan China da yaci zinaren Olamfik a Beijing 2008. Yana da dadin nunawa abokai, kuma gwaji ne mai kyau na ko kana da sifin, amma a wasa na gaske wanda tsallensa na biyu ke sauka daf da layin karshe yafi cutarwa, don mai karba zai tsaya yana shakka, zata fito ne ko ba zata fito ba, kafin ya yanke shawara lokaci ya wuce.

Mataki na hudu: tagwayensa, wanda babu juyi

To nan ne wasan yake dadi. Sabis mai juyin baya komai karfinsa in shi kadai kake yi, bayan maki uku hudu mutum zai gane, ya bude bat ya rika turo maka. Sai ka koyi na biyu wanda komai nasa iri daya ne, tsayuwa daya, jifa daya, kadawar hannu daya, amma kwallon ta tafi kusan babu sifin. Yadda ake yi, maimakon bakin bat sai ka taba ta da wajen kusa da mariki inda baya gudu sosai, kuma maimakon ka shafi kasanta sai ka dan tura bayanta, sannan bayan ta bar bat ka cigaba da kada hannu kamar ka yanka ta da gaske. Mai karba yana ganin yanka zai bude bat ya tura, kwallon kuwa sai ta tashi sama, ga simash din da kake so ya samu. In kuma ya fara zargin babu komai ya rufe bat, ka bashi mai juyin ya zuba a raga.

Ka lura, dole mara juyin ma ya zama gajere kuma kasa-kasa, in yayi tsayi kai za a daka. Wajen tirenin ka rika cakuda su, biyu masu juyi daya babu, daya da daya, yadda hannunka zai saba canzawa ba tare da jikinka ya tona asiri ba. Wasu in zasu yi mai juyi sai sun cije baki ko sun kara sunkuyawa, mai wayo yana gani.

Mataki na biyar: juyin gefe

Shi ne wanda ake kira fendulum, gwiwar hannu a dage, bakin bat na kallon kasa, hannu yayi lilo daga dama zuwa hagu ya shafi gefen kwallo, ga na-dama kenan, bahago sai ya juya. Kyawunsa a lilo daya zaka iya fitar da kala biyu. In ka taba kwallo lokacin da bat ke sauka yana shiga karkashinta, ka samu gefe hade da baya. In ka jira sai bat ya fara hawa sannan ya shafe ta, ka samu gefe hade da gaba, wanda in aka tura shi yake tashi sama. Tazarar tsakaninsu kiftawar ido ce, shi yasa kusan duk manyan 'yan wasa suke dashi, Jan-Ove Waldner na Suwidin da yaci zinare a Barcelona 1992 ya dade yana wahalar da 'yan China da irin wannan yaudarar ta wuyan hannu.

Abu mai muhimmanci da zaka rike: kwallo in ta taba bat din mai karba tana fallewa ne bangaren da bat dinka ya nufa. Fendulum na na-dama yana tafiya hagu, don haka yawanci amsar zata dawo ta bakhan dinka, sai ka shirya a can, ko ka zagaya ka dauke ta da fohan. Sabis na bakhan da tomahok, wanda ake tsugunawa bat ya sauko ta gefen kwallo irin na Ding Ning da Dimitrij Ovtcharov na Jamus, su kuma akasin haka suke, amsa tana zuwa ta fohan. Ni dai shawarata ka bar tomahok da fendulum na baibai sai daga baya, suna da kyau amma suna cin lokaci, na bakhan yafi saukin kamawa in kana son juyin daya bangaren. Haka jifa mai tsayi sosai da wasu ke yi har sama da kai, kwallo tana saukowa da gudu sai ta kara sifin, amma sai jifanka na kasa ya zauna tukunna.

Mataki na shida: dogo mai gudu

In kullum gajere kake bayarwa mutum zai matso ya kwanta a kan tebur yana jira. Maganinsa dogon sabis mai gudu jefi-jefi. Tsallen farko kusa da layinka, ka buga kwallon tana kasa sosai, karfin ya tafi gaba, ta sauka can daf da layinsa. Wurare uku ake nufa: kwanar bakhan dinsa, mike ta layi zuwa fohan dinsa in ya cika labewa a kwana daya, sai kuma gwiwar hannun da yake rike da bat, inda zai rasa da fohan zai dauka ko da bakhan. Ka ajiye robar ruwa da babu komai a ciki a wadannan wuraren ka rika kokarin kada ta. Amma dogon da bai kai layi ba kuma baya gudu, wannan kyauta ce, gara kar kayi shi.

Yadda zaka tsara lokacin tirenin

Minti 20 zuwa 30 ya isa a zama daya, in ya wuce haka wuyan hannu ya gaji hankali ya tafi, sai ka koma zubar da kwallaye kawai. Gara kadan-kadan kusan kullum da awa uku rana daya. Ka fara da sabis daya zuwa waje daya har bokiti ya kare, ka kirga cikin goma nawa suka yi yadda kake so, in ka kai bakwai takwas akai-akai sai ka canza waje, gajere ta fohan dinsa, gajere ta tsakiya, gajere ta bakhan. Takardar littafi daya da ka ajiye a tebur ta isa abun nufa, in ka kware ka ninke ta biyu.

Kar ka rika harbo su a jere kamar inji. Kowane daya ka tsaya, ka bude tafin hannu, ka ayyana a ranka ga wanda zan yi ga inda zai sauka, ka buga, sannan ka dawo tsayuwar shiri da bat a gaba kamar kwallo zata dawo. Masu tirenin su kadai suna yawan mantawa da wannan na karshen, sai su saba tsayawa suna kallon sabis dinsu, ranar wasa a dawo musu da ita suna tsaye a karkace.

Wayarka ma koci ce. Ka jingina ta a can daya karshen, daidai inda idon mai karba yake, ka dauki bidiyo ka kalla a hankali. Zaka ga ko jifanka ya kai, ko kafadarka tana boye kwallo, ko kuma ana iya bambance mai juyi da mara juyi daga yadda kake motsi. In kai da kanka ka kasa bambancewa a bidiyon to aiki yayi. Haka in kana kallon wasan manya, irin su Aruna Quadri da ya doke Timo Boll ya kai zagayen kwata fainal a Rio 2016, dan Afirka na farko da yayi haka a Olamfik, ka daina bin kwallo da ido kawai, ka rage gudun bidiyon ka kalli hannun mai sabis da inda kafarsa take komawa bayan ya buga.

Sai ka nemo mutum

Bokiti baya dawo da kwallo, don haka akwai inda zaka tsaya in babu abokin yi. Ka samu wani ku rika yin haka: kai sabis, shi ya karba, kai ka kai hari a kwallo ta uku, ku tsaya a nan ku sake. Da farko ka gaya masa wanda zaka yi da inda zai dawo maka da ita, daga baya ka daina fada. Kowane sabis ka san amsar da yafi jawowa. Gajere mai juyin baya yawanci turowa za ayi mai tsawo da juyin baya, ka shirya daga ta da lof. Mara juyi ka shirya duka. Dogo mai gudu zai dawo da gudu, ka dan ja baya da wuri. Kuma ka tambaye shi tsakani da Allah wanne ne yake bashi wahala wanne yake gani tun daga nesa, ka jure abun da zai fada.

A cikin wasa kuma, gem na farko ka dan zagaya dasu kaga wanne baya so, in ka samo ka rika komawa kai amma kana sirkawa da wani, kar ka kure shi har ya koya a kanka. Wasu suna ajiye guda daya basa nunawa sai an kai 9-9, ko kuma 10-10 inda sabis ya koma daya-daya. Dabara ce mai kyau in wanda ka ajiye din ka tabbatar ya zauna a hannunka, lokacin ba na gwajin sabon abu bane. Bayan kowane maki 6 doka ta baka damar goge zufa da tawul, kayi amfani da dan lokacin ka tuna me ka bashi a baya kuma yaya ya karba, ka kuma busar da tafin hannunka don jikakkiyar kwallo zamewa take a roba ta fada raga.

In dabul kuke bugawa, tunda dole rabin dama zuwa rabin dama ne mai karba yasan inda zata zo, saboda haka gajere kasa-kasa kusa da layin tsakiya shi ne lafiya, kuma ka yiwa abokinka alama da yatsu a karkashin tebur kafin ka jefa, don shi ne zai buga kwallo ta uku ba kai ba. Ku shirya alamun tun kafin ku shiga, yatsa daya mai juyin baya, dunkulen hannu mara juyi, ko duk yadda kuka ga dama, kuma da ka buga ka kauce gefe ka bashi hanya.